Darasi Na Bakwai: Ma'anonin Kalmar “Sorry” Da Yadda Ake Fassara Ta Zuwa Hausa

1.0 Gabatarwa

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke yi wa mai koyon fassara tarnaƙi shi ne zaton cewa kowace kalma ta Ingilishi tana da takwara guda ɗaya a Hausa, wadda da zarar an haddace ta an huta. Wannan zato yakan samo asali tun daga firamare, inda ake jera wa yaro kalmomi bibbiyu a allo yana bita. Manyan kalmomin kimiyya da na shari'a ba su cika kayar da ɗalibi ba, domin da ya gan su yakan nemi ƙamus. Ƙananan kalmomi na yau da kullum, waɗanda yake ganin ya riga ya san su, su ne suka fi ba shi kunya.

A wannan darasi za a ɗauki kalma ɗaya daga cikin irin waɗannan, wato “sorry”, a yi mata filla-filla. An zaɓe ta ne saboda kusan babu ɗalibin da bai san ta ba, kuma yawancinsu fassara ɗaya suke ba ta: “yi haƙuri”. Za a nuna cewa wannan fassara tana dacewa a wasu wurare, tana kuma ɓata ma'ana a wasu.

1.1 Manufar Darasi

Ana sa ran a ƙarshen wannan darasi ɗalibi zai iya:

i. kawo ma'anoni shida na kalmar “sorry” tare da misalai;
ii. bambance ta da kalmomin da ke da makusanciyar ma'ana da ita;
iii. zaɓar fassarar Hausa da ta dace da kowane muhalli;
iv. tsara yadda zai koyar da irin wannan kalma a ƙaramar sakandare.

2.0 Asalin Kalmar Da Ajinta A Nahawu

Kalmar “sorry” daɗaɗɗiya ce a Ingilishi. Ta fito ne daga “sarig” ta tsohon Ingilishi, mai nufin wanda ke cikin ciwo ko damuwa, ita kuma daga “sar”, wadda a yau ta zama “sore”, wato ciwo ko miki. Mutane da yawa suna ɗauka cewa daga “sorrow” aka samo ta, saboda kamar da ke tsakaninsu a furuci da rubutu. Masana tarihin harshe sun nuna cewa tushensu daban-daban ne, zama tare ne ya sa suka yi kama. Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe a nan shi ne: ma'anar farko ta wannan kalma ita ce jin zafi a zuci. Neman afuwa daga baya ya tsiro a jikinta.

A nahawu, “sorry” sifa ce. Saboda haka ba a cewa “I sorry”, sai an sa mata aikatau: “I am sorry”, “she felt sorry”. Idan aka ji ta ita kaɗai, to an taƙaita jimlar ce. Haka kuma ƙananan kalmomin da ke biyo bayanta suna sauya ma'anarta ƙwarai, kamar yadda za a gani a misalan da ke tafe.

3.0 Ma'anonin Kalmar

3.1 Neman Afuwa

Wannan ita ce ma'anar da aka fi sani. Mai magana ya yi laifi, ƙarami ko babba, yana neman a yafe masa.

1a. I am sorry for breaking your cup.
1b. Yi haƙuri, na fasa maka kofi.

2a. I am sorry I am late, sir.
2b. A gafarce ni, malam, na makara.

A lura cewa jimlolin Ingilishin ba su bambanta ba wajen neman afuwar, amma na Hausar sun bambanta. “Yi haƙuri” ta dace da tsara ko na ƙasa. Idan da babba ake magana, Bahaushe yakan kauce wa umarni kai tsaye, ya ce “a yi haƙuri”, “a gafarce ni”, ko “Allah ya huci zuciyarka”. A fada kuwa sai a ji “tuba nake, ranka ya daɗe”. Wato ke nan, mai fassara ba zai iya zaɓar kalma ba sai ya san wane ne ke magana, kuma da wa yake yi.

3.2 Jaje Da Ta'aziyya

A nan mai magana ba shi da laifin komai. Yana nuna cewa abin da ya sami ɗan'uwansa ya taɓa shi.

3a. I am sorry to hear that your father has died.
3b. Ashe baba lokaci ya yi. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙurin rashi.

4a. I am sorry about the fire in your shop.
4b. Ashe abin da ya faru ke nan. Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba.

5a. I am sorry you are ill.
5b. Sannu, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi.

Abin da Ingilishi ya haɗa a kalma ɗaya, Hausa ta raba shi gida uku: ta'aziyya ga wanda aka yi wa rasuwa, jaje ga wanda ya yi asara, dubiya ga marar lafiya. Kowanne yana da lafazinsa, kuma yawanci addu'a ce. Wanda ya fassara misali na 3a da “a gafarce ni da jin cewa mahaifinka ya mutu” ya kawo abin da ba Hausa ba, har ma ya sa wa mai magana laifin da bai yi ba.

3.3 Nadama

Wani lokaci mai magana ba ya neman afuwar kowa, yana dai cizon yatsa ne a kan abin da ya wuce.

6a. I am sorry I sold the farm.
6b. Na yi da-na-sanin sayar da gonar.

7a. You will be sorry.
7b. Za ka yi da-na-sani.

Misali na 7a barazana ce, kuma idan ana so a fito da zafinta ana iya cewa “za ka gane kurenka”. Da wannan ma'ana ce kalmar ta zo a karin maganar Turawa “better safe than sorry”, wadda ta yi daidai da “rigakafi ya fi magani”. Bahaushe ma ya ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take.

3.4 Sassauta Magana

Bature yakan sa “sorry” a gaban magana mai ɗaci don ya rage mata kaifi: zai ƙi wani abu, ko zai ba da labari marar daɗi, ko zai musa abin da aka faɗa.

8a. Sorry, there are no seats left.
8b. Sai haƙuri, wuri ya cika.

9a. I am sorry to tell you that you failed.
9b. Sai dai a yi haƙuri, ba a dace ba a wannan karo.

10a. I am sorry, but I do not agree.
10b. Allah ya ba ka haƙuri, amma ni ban yarda da haka ba.

Mai magana a 10a bai yi nadamar komai ba, yana nan a kan bakansa. Akwai kuma “sorry” ta gyaran tuntuɓen harshe, kamar mai cewa “on Monday, sorry, Tuesday”. Wannan a Hausa ita ce “ranar Litinin, au, Talata”.

3.5 Neman A Maimaita

Idan aka furta kalmar ita kaɗai, murya ta hau sama kamar ta tambaya, ma'anarta ita ce mai sauraro bai ji abin da aka ce ba.

11a. Sorry?
11b. Na'am?

“Me ka ce?” ma fassara ce, amma ba ta da ladabin da ke cikin ta Ingilishin, don haka ba za a sa ta a bakin yaro yana magana da mahaifinsa ba. A rubuce, alamar tambaya ce kaɗai ke nuna wannan ma'ana. A baka kuwa hawan murya ne.

3.6 Abin Tausayi

Idan kalmar ta zo gaban suna kai tsaye, takan bar zancen zuciyar mai magana ta koma siffanta lalacewar wani abu.

12a. The school is in a sorry state.
12b. Makarantar ta lalace, abin gwanin ban tausayi.

Kusa da wannan akwai “feel sorry for”, wato jin tausayin wani. Sai dai a yi hattara: “I am sorry for you” takan ɗauki raini, kamar a ce “kaico, ina tausaya maka”. Ba a yi wa Bature ta'aziyya da ita. Abin da ake cewa shi ne “I am sorry for your loss”. Bambancin kalma ɗaya ko biyu ne, amma tsakanin ma'anonin akwai tafiya mai nisa.

4.0 Kalmomi Masu Makusanciyar Ma'ana

Masana ilimin ma'ana sun yi ittifaƙi cewa da wuya a sami kalmomi biyu da ma'anarsu ta zo ɗaya ta kowace fuska. Kowace daga cikin kalmomin da ke ƙasa tana iya maye gurbin “sorry” a muhalli ɗaya, ta kasa a sauran.

i. “Apologise”: aikatau ce, kuma neman afuwa kaɗai take nufi. Wanda ya furta ta ya amsa laifi. Ba a ta'aziyya da ita.

ii. “Regret”: takaici ko nadama, a harshen ofis da wasiƙun hukuma. Mutum yana iya nuna takaicin faruwar abu ba tare da ya ce shi ya jawo shi ba.

iii. “Excuse me”: galibi kafin a dami mutum ake faɗin ta, kamar mai neman hanya ko mai son katse magana. Ita ce “gafara dai” ko “don Allah”. “Sorry” kuwa galibi bayan an yi abin take zuwa.

iv. “Pardon”: neman a maimaita magana, ko kuma afuwar da shugaba ke yi wa wanda kotu ta hukunta.

v. “Condolences” da “sympathy”: ta'aziyya da jaje. Babu neman afuwa a cikinsu.

vi. “Forgive me”: “yafe mini”. Ta fi “sorry” nauyi, domin roƙo ce kai tsaye.

vii. “Pitiful” da “wretched”: su ne ke maye gurbin ma'ana ta shida.

Masanin falsafar harshe na Ingila, J. L. Austin, a littafinsa How to Do Things with Words da aka buga a 1962, ya yi bayanin cewa akwai maganganun da furta su shi ne aikata su. A Hausa ana iya ba da misali da “na yafe” ko “na rantse”: da an faɗa, aikin ya auku. Austin ya sa “I apologise” a wannan rukuni, amma ya nuna cewa “I am sorry” tana tsaka-tsaki, rabinta aiki ne, rabinta bayanin halin zuciya. Wannan harshen damo da kalmar ke da shi ya taɓa zama babban al'amari tsakanin gwamnatoci da al'ummomi, kamar yadda misalai biyu za su nuna.

5.0 Misalai Biyu Daga Tarihi

A ranar 1 ga Afrilu, 2001, wani jirgin saman leƙen asiri na Amurka ya yi karo da jirgin yaƙin ƙasar Sin a sararin tekun kudancin Sin. Matuƙin jirgin Sin, Wang Wei, ya rasa ransa, jirgin Amurka kuwa ya yi saukar gaggawa a tsibirin Hainan, inda aka tsare ma'aikatansa 24. Sin ta ce sai Amurka ta nemi afuwa, Amurka ta ce ba ta yi laifin da za ta nemi afuwa ba. Bayan kwana 11 aka sake su, sakamakon wata wasiƙa da jakadan Amurka, Joseph Prueher, ya miƙa, wadda ta ƙunshi “very sorry” sau biyu: ɗaya a kan rashin matuƙin, ɗaya a kan shiga sararin samaniyar Sin da sauka ba tare da an ba da izini da baki ba. Kafofin yaɗa labaran Sin suka gabatar da wasiƙar a matsayin neman afuwa, jami'an Amurka kuma suka ce juyayi kawai suka nuna. Wato ɓangare ɗaya ya ɗauki ma'anar da ke 3.1, ɗayan ya ɗauki ta 3.2, kowa ya tsira da mutuncinsa.

Misali na biyu daga Ostareliya yake. A 1997 aka fitar da rahoton bincike a kan yadda hukumomi suka daɗe suna raba 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da iyayensu da ƙarfi. Daga 26 ga Mayu, 1998 aka fara keɓe rana ta musamman mai suna “National Sorry Day”. Firayim Minista na lokacin, John Howard, ya ƙi neman afuwa da sunan gwamnati, kuma ƙudurin da majalisa ta zartar a 1999 kalmar “regret” ya yi amfani da ita. Waɗanda abin ya shafa ba su gamsu ba. Sai a ranar 13 ga Fabrairu, 2008 magajinsa, Kevin Rudd, ya tsaya a gaban majalisa ya furta “sorry” da sunan ƙasa. Mai fassara labarai da ya mayar da kalmomin biyu “nuna takaici” ya shafe abin da aka shekara goma ana jayayya a kansa.

Saboda irin wannan ruɗani ne wasu ƙasashe suka yi doka a kan lamarin. A Ingila da Wales, dokar biyan diyya ta 2006 ta tanadi cewa neman afuwa shi kaɗai ba ya zama amsa laifin sakaci a gaban kotu.

6.0 Kalmar A Ingilishin Nijeriya

Idan mutum ya yi tuntuɓe, ko ya sarƙe da ruwa, ko kaya ya faɗi daga hannunsa, ɗan Nijeriya yakan ce masa “sorry”. Baturen Ingila da aka faɗa wa haka yakan amsa da cewa ai ba laifinka ba ne, domin a wurinsa “sorry” ita kaɗai a irin wannan hali neman afuwa ce. Shi abin da zai ce shi ne “are you all right?” Dalilin wannan bambanci shi ne harsunanmu suna da kalma ta musamman don wannan aiki: “sannu” a Hausa, “pele” a Yarabanci, “ndo” a harshen Ibo. Da masu waɗannan harsuna suka koyi Ingilishi, sai suka ɗora wa “sorry” nauyin da kalmarsu ke ɗauka.

Bai kamata malami ya kira wannan kuskure ba, domin ya zauna daram a Ingilishin ƙasar nan, kuma yana biyan wata buƙata ta zamantakewa. Abin da ya wajaba shi ne ɗalibi ya san wane irin Ingilishi ne a gabansa. “Sorry” a bakin wani tauraro a littafin marubucin Nijeriya tana iya zama “sannu”, alhali a littafin marubucin Ingila “yi haƙuri” ce.

Matsalar tana nan ko da an juya fassarar. “Sannu” ga marar lafiya ita ce “sorry”, amma “sannu da zuwa” ita ce “welcome”, “sannu da aiki” kuma ita ce “well done” da ake gaida ma'aikaci da ita a Nijeriya. Ita ma “yi haƙuri” baki biyu gare ta: mai laifi yana faɗin ta, mai ba da baki ma yana faɗin ta. Akwai kuma wani bambanci na gini da ya kamata a lura da shi. Bature yana bayyana halin da zuciyarsa take ciki ne, Bahaushe kuwa yana roƙon wanda aka ɓata wa ya yi wani abu: ya haƙura, ya yafe, ya gafarta. Don haka idan ana so amsa laifi ta fito fili a Hausa, sai an ƙara da “na yi kuskure”, “laifina ne” ko “na tuba”.

7.0 Shawarwari Ga Malami

Kafin ɗalibi ya fassara wannan kalma, a koya masa ya yi wa kansa tambayoyi huɗu:

i. Mai magana yana da laifi a abin da ya faru, ko ba shi da shi?
ii. Mene ne ya faru: rasuwa, asara, ciwo, ko ɗan ƙaramin abu?
iii. Mene ne matsayin mai magana a kan wanda yake yi wa magana?
iv. Wace kalma ce ta biyo bayan “sorry”, kuma a ina ta zo a jimla?

Tambaya ta farko ita ce uwa, domin ita ke raba neman afuwa da jaje. A aji, ya fi kyau malami ya guji rubuta kalma tsirara a allo. Ya kawo ta a cikin jimla, ya faɗi wanda ya yi maganar da wanda aka yi wa. Yana iya raba yara biyu-biyu su kwaikwayi ɗalibi da shugaban makaranta, ko mai kanti da mai saye, ko maƙwabta a zaman makoki, sauran aji su faɗi Hausar da ta dace. Haka kuma ya saba musu da duba ƙamus, kamar Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner na 1965, ko ƙamusun Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990, tare da jan kunnensu cewa kada su tsaya a ma'anar farko da idonsu ya faɗa a kai.

8.0 Kammalawa

A wannan darasi an ga cewa “sorry” sifa ce da ta samo asali daga kalmar ciwo, kuma tana da aƙalla ma'anoni shida. An kwatanta ta da kalmomin da ke kusa da ita, an kuma ga yadda harshen damonta ya yi tasiri a rikicin Hainan na 2001 da batun neman afuwa a Ostareliya. An nuna cewa Hausa ba ta da kalma ɗaya da za ta ɗauke dukkan waɗannan ma'anoni, sai an duba laifi, da abin da ya faru, da matsayin masu magana. Hanyar da aka bi a nan ita ce ɗalibi zai bi idan ya haɗu da wasu kalmomi irin su “please”, “fine” da “dear”.

Auna Fahimta

1. Kawo ma'anoni huɗu na kalmar “sorry”, ka ba da misali ɗaya na kowace tare da fassararsa.
2. Bayyana bambancin da ke tsakanin “sorry”, “apologise” da “regret”, ka kafa hujja da ɗaya daga cikin misalan tarihi da aka kawo.
3. Fassara “I am sorry, I forgot” sau uku: daga aboki zuwa aboki, daga 'ya zuwa mahaifiyarta, daga bafade zuwa sarki.
4. Me ya sa ɗan Nijeriya ke cewa “sorry” ga wanda ya yi tuntuɓe? Yaya za ka yi wa ɗaliban aji biyu na ƙaramar sakandare bayanin wannan?

Jinga

Tattara jimloli goma masu ɗauke da “yi haƙuri” ko “sannu” daga hirar da ka ji a gida, kasuwa ko makaranta. Rarraba su gwargwadon ma'ana, sannan ka nuna waɗanda za a iya fassarawa da “sorry” da waɗanda ba za a iya ba.